Ƙwallon Lambu a Ƙasar Rairayi: Tarihin Wasan da na Sandunansa

Gabatarwa

Daga cikin wasannin da Turawa suka shigo da su Afirka ta Yamma, babu wanda ya tsaya nesa da talaka kamar ƙwallon lambu, wato wasan da Ingilishi da Faransawa suke kira golf. Ƙwallon ƙafa ya shiga kowane lungu, tun daga manyan birane har rugagen makiyaya, amma shi wannan wasa ya shafe fiye da shekara 100 a ƙasar Hausa yana zaune a bayan shinge. A yau kuwa talabijin da wayar salula sun kai hotunan manyan gasanninsa har Tanut da Balbeji, kuma ƴan Damargu da aiki ko fatauci ko neman ilimi ya kai su Kano da Kaduna da Abuja da Yamai sukan wuce ta bakin filayensa. A cikinsu akan samu wanda sha'awa za ta kama, ya tambayi kansa da me ake farawa. Amsar da mai kanti zai ba shi ita ce jaka cike da sanduna 14. Amsar da tarihi ke bayarwa dabam ce: wasan ya tashi ne a kan rairayi, a makiyayar tumaki, da sanduna ƙalilan, tsada da ciyawar ban-ruwa kuwa daga baya suka same shi. Wannan maƙala za ta bi sawun wasan daga mahaifarsa zuwa ƙasar Hausa, ta nuna dalilin da ya sa ya kafu a kudancin iyaka bai kafu a Damagaram da Damargu ba, sannan ta fitar da abin da mafari zai ƙaru da shi wajen zaɓen sanduna.

Asalin wasan

Bugun ƙwallo da sanda tsohon abu ne a duniya. Mutanen Sin sun yi irinsa, mutanen Holan sun yi shi a kan ƙanƙara, manoman arewacin Faransa ma suna da nasu. Harshen Hausa da kansa shaida ne: kalmar ƙwallo tun asali sunan abin da ke cikin ɗan itace ne, kamar ƙwallon dabino da ƙwallon goruba, kuma yaran karkara sun daɗe suna korar ƙwallon goruba da sanda mai lanƙwasa a bakin gari. Sai dai wasan da ake zura ƙwallo cikin ramuka a jere, ana ƙirga yawan bugu, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne gwani, a ƙasar Sukotland, arewacin tsibirin Birtaniya, ya samu siffarsa.

Abin mamaki, rubutu na farko da ya ambaci wasan dokar hana shi ce. A shekarar 1457 majalisar Sarki James na II ta haramta ƙwallon lambu da ƙwallon ƙafa, domin sun shagaltar da samari daga koyon harbin baka, alhali ƙasar tana zaman ɗar-ɗar da Ingila. An sake jaddada dokar a 1471 da 1491, kuma maimaita ta ya nuna jama'a ba su daina ba. A 1502 sai ga Sarki James na IV da kansa ya sayi sandunan wasan a hannun wani mai sassaƙa baka a garin Perth.

Filin da aka fara wasan a kai ya cancanci a dube shi da kyau. Wani zirin ƙasa ne mai tuddan rairayi tsakanin teku da gonaki, wanda ba ya nomuwa, aka bar wa tumaki da zomaye. Dabbobin nan su ne masu aske ciyawa, kuma akan danganta ramukan yashin da suka zama tarko a wasan da kwaruruwan da tumaki ke fakewa a ciki saboda iska. Ba a shuka komai ba, ba a yi ban-ruwa ba, filin kuma na kowa ne: masunta na shanya komarsu, mata na shanya wanki, masu wasa na wucewa. Wanda ya san tuddan Damargu bayan damina, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka kiwace ta, ba zai ga wannan siffa baƙuwa ba.

Tsari ya zo a ƙarni na 18. A 1744 ƴan wasan Leith, kusa da birnin Edinburgh, suka rubuta ƙa'idoji 13 domin gasar da hukumar birnin ta sa wa kyautar sandar azurfa. A 1754 aka kafa ƙungiyar St Andrews, wadda daga baya ta zama mai faɗa a ji kan dokokin wasan a mafi yawan ƙasashen duniya. A 1764 ta rage ramukan filinta daga 22 zuwa 18, adadin da ya zama ma'auni har yau. Gasar ƙwararru ta farko ta gudana a Prestwick a 1860, da ƴan wasa 8 kacal.

Yadda sanduna suka yawaita

Sandar wasan kamar gatari take ko hauya: akwai ƙota, akwai kai. A farkon zamani duka biyun na itace ne, masassaƙa ke yin su da hannu. Masu kan ƙarfe kaɗan ne, maƙeran gari ke ƙera su, kuma ba a ɗaukar su sai ƙwallo ta faɗa cikin sawun amalanke ko tsakanin duwatsu. Dalili kuwa shi ne ƙwallon wancan lokaci ƴar jakar fata ce da ake ɗurawa da dafaffen gashin dinya a ɗinke; gwanin mai ɗinki ba ya wuce guda 3 ko 4 a yini, tana da tsada ƙwarai, kuma bakin ƙarfe na iya farke ta da bugu ɗaya. Tsadar ƙwallo ce ta fara raba masu hali da marasa hali a wannan wasa.

A 1848 aka fara yin ƙwallo da ƙaron wata bishiya ta yankin Malaya. Ga arha ga ƙwari, sai talakawa suka dawo fili, sandunan ƙarfe kuma suka samu kasuwa tunda yanzu ba a tsoron farkewa. Wajen 1898 wani Ba'amurke mai suna Coburn Haskell ya fito da ƙwallo mai zaren roba a ciki, wadda ta fi tafiya nisa. Bayan haka ƙotar baƙin ƙarfe ta maye gurbin ta itace: hukumar wasan ta Amurka ta halatta ta a 1924, ta St Andrews a 1929. Da masana'antu suka iya fitar da ƙotoci iri ɗaya babu bambanci, sai aka fara sayar da sanduna a jere masu lamba, kowace da nisan da aka yi ta dominsa. A 1932 Gene Sarazen ya shahara da sandar fitar da ƙwallo daga yashi, mai faɗin gindi.

Daga nan abin ya wuce gona da iri. Lawson Little, wanda ya lashe gasannin ƴan sha'awa na Amurka da na Birtaniya a 1934 da 1935, yakan shiga fili da sanduna kusan 30, yaron da ke dakon jakarsa yana nishi. Hukumomi suka ga cewa aljihu na neman maye gurbin gwaninta, sai suka yanka iyaka: kada ɗan wasa ya wuce sanduna 14. Dokar ta fara aiki a Amurka a 1938, a Birtaniya a 1939. A nan ne mafari da yawa ke ruɗewa, domin 14 iyakar abin da aka yarda a ɗauka ne, babu dokar da ta ce sai an cika su.

Tarihin gwanaye ya tabbatar da haka. A 1913 Francis Ouimet, saurayi ɗan shekara 20 wanda ya taso yana dakon jakunkunan masu kuɗi, ya lashe babbar gasar Amurka a Brookline da sandunan da ba su kai 14 ba, ya kayar da Harry Vardon da Ted Ray, manyan gwanayen Birtaniya na lokacin. Severiano Ballesteros na ƙasar Sifen, ɗan manomi daga ƙauyen Pedreña, ya koyi wasan a kan yashin bakin teku da sandar ƙarfe guda ɗaya mai lamba 3, kuma a 1979, yana da shekara 22, ya ɗauki kofin babbar gasar Birtaniya. Rashin kayan aiki ya tilasta masa koyon fitar da bugu iri-iri daga sanda ɗaya, abin da ya zama tambarinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Shigowar wasan ƙasar Hausa

Wasan ya bi tutar Ingila duk inda ta je. An kafa ƙungiyarsa a Kalkata ta ƙasar Indiya a 1829, a garin Pau na kudancin Faransa a 1856, kuma ko a can Ingilishi mazauna garin ne suka kafa ta. Bayan sojojin Lugard sun ci Kano da Sakkwato a 1903, ba a daɗe ba sandunan suka iso. Ƙungiyar ƙwallon lambu ta Kano tana ƙirga kafuwarta daga 1908, ta Rayfield a Jos, inda Turawan haƙar kuza suka taru, daga 1913, ta Kaduna kuwa daga 1921, ƴan shekaru bayan garin ya zama hedkwatar Arewa.

Wurin da aka shimfiɗa filayen yana da nasa labari. Dokar tsara birane ta 1917 ta wajabta a bar fili mai faɗin yadi 440, wato kimanin mita 400, babu gini a cikinsa, tsakanin unguwar Turawa da mazaunin ƴan ƙasa. Hujjar da aka bayar ita ce kare Turawa daga sauro da zazzaɓin cizonsa. A garuruwa da dama wannan fili na wariya shi aka mayar wurin sukuwa da ƙwallon dawaki da ƙwallon lambu. Ke nan tun ranar farko Bahaushe ya san wasan a matsayin iyakar da ba ya tsallakawa sai in aiki ya kai shi.

Turawan sun tarar da ƙasar da ruwa ke sauka wata 4 ko 5 ya ɗauke, saboda haka suka haƙura da ciyawa. Dandalin da ke kewaye da kowane rami, wanda a Turai lallausar ciyawa ce, a nan sai aka yi shi da yashi tankaɗaɗɗe, aka cuɗa da baƙin mai don kada iska ta kwashe, ana jan buhu ko katako a kai a share sawu kafin kowane bugu. Da irin waɗannan dandali aka yi wasan shekaru masu yawa a Arewacin Najeriya, kamar yadda aka yi a ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur kafin Dubai ta buɗe filin ciyawa na farko a yankin a 1988.

Akwai darasi a kwatanta makomar wannan wasa da ta ɗan'uwansa, ƙwallon dawaki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓi ƙwallon dawaki a shekarun 1920, ya sa ƴaƴansa da fadawansa a ciki, har ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama ɗaya daga cikin manyan gwanayen da Najeriya ta taɓa samu. Doki abin alfarma ne a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Bature, don haka wasan da ake yi a kan sirdi ya dace da martabar sarauta. Tafiya a ƙasa cikin rana ana bin ƴar ƙwallo kuwa ba ta yi kama da abin da basarake zai yi a gaban talakawansa ba. Saboda haka ƴan ƙasa na farko da suka iya ƙwallon lambu ta ƙofar baya suka shiga: yaran da ke dakon jakunkuna, waɗanda suka koya da ido, suka gwada da sandar da suka lanƙwasa da kansu, kuma daga cikinsu ne ƙwararrun Najeriya da yawa suka fito bayan samun mulkin kai a 1960.

Daga 1969 aka fara babbar gasar Najeriya, wadda ta riƙa jawo ƙwararrun Turai a lokacin da sanyi ya rufe filayensu. Sandy Lyle ya ci ta a 1978, Vijay Singh a 1988, kuma dukansu biyu sun zama zakarun duniya daga baya. A 1991 aka buɗe babban filin ciyawa na Abuja mai ɗauke da sunan Janar Ibrahim Babangida. Wasan ya fita daga hannun Turawa ya koma hannun hafsoshin soja da manyan ma'aikata da attajirai, amma shingen bai faɗi ba.

Damagaram da Damargu

A arewacin iyaka labarin ya bi wata hanya. A ƙarni na 19 Damargu mahaɗa ce a kan babbar hanyar ayari da ta taso daga Tarabulus ta bi ta Gat da Agadas ta sauka Damagaram da Kano. Ita ce rumbun geron Azbin, daga dajinta ake samun gashin jimina da ake kaiwa har kasuwannin Turai, kuma Abzinawa da Dagirawa da Hausawa da Fulani suna cuɗanya a garuruwanta irin su Jajiduna. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, a shekarar da ayarin Foureau da Lamy ya ratso Damargu daga arewa. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce fadar mulkin yankin Nijar.

Duk da haka babu abin da ya yi kama da ƙungiyoyin Kano ko Jos da ya tsiro a nan, kuma dalilan a fili suke. Na farko, a wancan zamani ƙwallon lambu baƙon wasa ne ko a Faransa, na ƴan tsirarun masu dukiya, ba ya cikin tarbiyyar hafsan soja ko kumandan kamar yadda yake ga takwaransa na Ingila. Na biyu, Faransawan da ke yankin ƴan kaɗan ne, galibinsu sojoji, a warwatse cikin barikoki masu nisa da juna, kuma har yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 ƙasar ba ta kwanta musu ba. Na uku, isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta karkatar da fatauci zuwa teku, ayarin hamada ya durƙushe, Damargu ta rasa matsayinta na mahaɗa, ba a kuma samu tarin Turawan kamfani masu albashi da lokacin hutu ba. Da aka mayar da fadar mulki Yamai a 1926, sai ɗan abin da ya rage ya bi ta.

A ƙasashen da Faransa ta mallaka, inda wasan ya samu gindin zama, shugabanni ne suka dasa shi bayan ƴancin kai: Sarki Hasan na II a Rabat, inda aka fara gasar da ke ɗauke da sunansa a 1971, da shugaba Houphouët-Boigny a Yamusukuro. A Nijar filin da aka sani shi ne na Rio Bravo, a gefen kogi kan hanyar Tilaberi daga Yamai, wanda shi ma da dandalin yashi aka san shi. Wasan da ƙasar ta ɗaukaka kuwa nata ne na gado, wato kokawa, wadda aka fara gasar takobinta ta ƙasa a Tawa a 1975.

Abin da mafari ke bukata

Wanda ya fahimci wannan tarihi zai shiga kanti da idonsa a buɗe. Sandunan iri huɗu ne. Akwai masu babban kai, waɗanda har yanzu ake kira na katako ko da yake tun wajen 1979 aka fara yin su da ƙarfe. Su ne na bugu mai nisa. Akwai na ƙarfe masu lamba, galibi daga 3 zuwa 9. Akwai na ɗagawa, masu kwantacciyar fuska, na cilla ƙwallo sama a ɗan gajeren nisa ko fitar da ita daga yashi. Sai sandar zurawa, wadda ake gangara ƙwallo da ita zuwa cikin rami mai faɗin milimita 108.

Ƙa'idar lambobin mai sauƙi ce. Duk lokacin da lamba ta ƙaru, ƙota na raguwa, fuskar kai na ƙara kwanciya, ƙwallo na tashi sama tana sauka kusa. Sanda mafi tsawo tana kai kimanin santimita 114, fuskarta kusan a miƙe take. Mai lamba 7 kimanin santimita 94 ce, fuskarta a kishingiɗe. Tsakanin lamba da mai bi mata, gwani yakan samu bambancin mita 10 ko sama da haka kaɗan. Mafari kuwa, wanda bugunsa bai daidaita ba, ba zai ga bambanci tsakanin 6 da 7 ba, don haka sayen duka biyun asarar kuɗi ce. Abin da masu koyarwa suka daɗe suna ba da shawara shi ne rabin jeri: ta katako ɗaya mai lamba 3 ko 5, na ƙarfe masu lamba 5 da 7 da 9, ta ɗagawa ɗaya, da ta zurawa. Sanduna 6 ke nan, ƙasa da abin da Ouimet ya ci gasa da shi. A watannin farko ma mai lamba 7 da ta zurawa sun isa. Sanda mafi tsawo, wadda ta fi kowace tsada kuma ta fi jan ido, ita ce mafi wuyar sarrafawa, ita ya kamata a saya a ƙarshe.

Manomin Damargu ba ya sayen hauya sai ya tsaya ya gwada ƙotarta da tsawonsa, haka ma wannan sanda. Dogo da gajere ba sa riƙe ƙota ɗaya, bahago yana da nasa sanduna dabam, yara kuma akwai nasu marasa nauyi. Yanke ta babba a ba yaro yakan bar masa kai mai nauyi da ƙota mai tauri. Ƙotar tana da matakan tauri: mai saurin hannu yana bukatar mai tauri, dattijo ko mai sanyin hannu mai ɗan laushi. Ta fuskar kai kuwa, tun shekarun 1960 injiniya Karsten Solheim, mai kamfanin Ping, ya yaɗa dabarar rarake bayan kan ƙarfe a mayar da nauyin gefe-gefe, ta yadda ko bugu bai faɗa tsakiya ba ƙwallo ba za ta kauce da yawa ba. Irin wannan ne ya dace da mai koyo, siraran na ƙwararru kuwa ba sa yafe kuskure.

Ƙasar Sahel tana da nata sharuɗɗa. A kan busasshiyar ƙasa mai tauri, sandar ɗagawa mai kaurin gindi, irin wadda aka yi domin lallausan yashi, takan yi tsalle ta bugi ƙwallo a ciki, saboda haka mai siririn gindi ta fi. Tsakuwa na cin gindin ƙarfe, shi ya sa masu wasa a filayen yashi ke yawo da ɗan yankin tabarmar roba suna ɗora ƙwallo a kai. Zafi na busar da robar mariƙi har ta riƙa zamewa, kuma barin jaka a cikin mota da rana tsaka yana sassauta gam ɗin da ya riƙe kai da ƙota. Duk waɗannan dalilai ne na fara wasa da sandunan gwanjo: in dai ƙota ba ta lanƙwashe ba, tsatsa ba ta ci ta ba, kai ba ya motsi, zanen fuskar bai shafe ba, to sauya mariƙi kawai ya rage. Hausawa na cewa daidai ruwa daidai tsaki.

Ruwa da ƙasa

Tambayar sanduna ƙarama ce idan aka kwatanta da ta fili. Cikakken fili mai ramuka 18 yakan ci hekta 50 zuwa 60, kuma idan na ciyawa ne a ƙasa mai zafi, yakan sha ɗaruruwan dubban mita kubik na ruwa kowace shekara. Tanut, mai nisan kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram, ruwan samanta bai cika wuce milimita 300 a shekara ba, rijiyoyinta masu zurfi ne, kuma ba a manta da farin 1973 da na 1984 ba. Iyakar noma da dokar 1961 ta shata tsakanin gonaki da makiyaya ta ratsa wannan yanki, inda kowane burtali da kowace mashaya ke iya zama sanadin shari'a. A ƙasa irin wannan, daga Tanut har kwarin Tarka na gundumar Balbeji, wadda ta samu matsayin gunduma a 2011, shayar da ciyawa domin wasa zalunci ne ga mutum da dabba.

Sai dai tarihi ya nuna ciyawa ba sharaɗi ba ce. Masu wasan farko tsibin yashi suke yi da hannu su ɗora ƙwallo a kai, kafin wani likitan haƙori baƙar fata a Boston, George Grant, ya yi rajistar ɗan turken katako a 1899. A garin Coober Pedy na hamadar Ostareliya ana wasan a filin da babu ciyawa ko ɗaya. Ramuka 3 ko 6 a kan fako a bayan gari, waɗanda ba a kewaye su da waya ba, dabbobi na kiwo a kai da damina, ba za su ci ruwan kowa ba. Abin da ya kamata a bari daga gadon Turawa shi ne zuba baƙin man mota a ƙasa, domin yana gurɓata ta. Yashi daɓaɓɓe ko man tsirrai na biyan bukata. Abokan gaba a irin wannan fili su ne ƙarangiya da ƙayar aduwa da iskar hunturu, kuma iska tun a Sukotland tana cikin wasan.

Kammalawa

Ƙwallon lambu ya dawo cikin wasannin Olamfik a 2016 bayan rabuwa da su tun 1904, kuma tun nasarar Tiger Woods a 1997, shekara 36 bayan ƙungiyar ƙwararrun Amurka ta soke sharaɗinta na farar fata zalla, ba a ƙara kallonsa a matsayin na jinsi ɗaya ba. Abin da ya rage yana tsare ƙofarsa shi ne tsada, kuma kaso mai yawa na tsadar nan kasuwa ce ta ɗora shi. Ma'aikaci ko malamin da ke son wasan da zai sa shi tafiyar kilomita 8 a ƙasa, ya koya masa haƙuri da gaskiya, tunda ɗan wasa da kansa yake ƙirga bugunsa ya kuma faɗi laifinsa, zai iya farawa da sanduna 2 na gwanjo, ya ƙara sauran sannu a hankali gwargwadon yadda hannunsa ya faɗa.

Ga malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu kuwa akwai aikin da ya fi wannan gaggawa. Wasan sanda da ƙwallon goruba da yaran karkara suka gada yana ja da baya a gaban ƙwallon ƙafa da wayar salula. Ƴan wasan Leith sun rubuta ƙa'idojinsu 13 a 1744, kuma wannan takarda ce ta ba wasan makiyayar tumaki damar zagaya duniya. Dattawan Tanut da Gangara da Olelewa da Balbeji da suka yi wasan sanda a ƙuruciyarsu suna nan da rai. Ya dace a zauna da su, a rubuta sunayen wasan da Hausa da Tamajak da Fulatanci da Barbarci, da irin itacen da ake sara, da yadda ake lanƙwasa shi, da lokacin da ake bugawa, da yadda ake gane wanda ya ci, a kuma shigar da shi cikin bukukuwan makarantu.